Oliyanda: Furen da muke wucewa kullum ba mu san sunansa ba

A wannan makon magana ce a kan wata bishiyar ado, kuma na fi karkata ga 'yan uwanmu na Sabo da ke Ibadan da sauran zangonnin Kudu, duk da cewa mai karatu na Kano ko Zariya shi ma zai ga abin a ƙofar gidansa idan ya duba da kyau.

Ka tambayi dattijon da ya tashi a ƙauye a Arewa game da tumfafiya, nan take zai gaya maka kada nononta ya taɓa maka ido. Ka ambaci kariya ko kwankwani, zai ce da su maharba ke haɗa dafin kibiya. Zaƙami kuwa ko yaro ya san ba abin wasa ba ne. Wannan ilimi yana tafiya ne tare da suna: uwa ta nuna wa ɗanta tsiro, ta faɗi sunansa, ta ja masa kunne. To amma tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916, saboda fataucin goro da shanu, an haifi zuriya bayan zuriya a Ibadan. Yaron da aka haifa tsakanin Sabo da Mokola bai san dajin Arewa ba, kuma ba lallai ne ya san sunayen tsirran ƙasar Yarabawa ba. Duk abin da ya yi fure a bakin katanga, fulawa kawai muke ce masa, mu wuce. Abin da ba ka kira shi da suna ba kuwa, da wuya ka yi wa yaro kashedi a kansa.

Sunansa oliyanda, kuma iri biyu ne da ya kamata ki iya bambancewa, uwargida.

Na farko shi ne wanda masana tsirrai ke kira Nerium oleander, Larabawa kuma su ce difla. Asalinsa daga ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum ne zuwa yankin Indiya. Yana tasowa ne a dunƙule, rassa da yawa daga gindi ɗaya, tsawonsa daga mita 2 zuwa 6 idan ba a aske shi ba. Ganyensa dogo ne siriri mai tsini kamar kan mashi, mai kauri kamar fata, da jijiya guda fara-fara a tsakiya. Babbar alamarsa ita ce yadda ganyen ke fitowa uku-uku a gaɓa ɗaya, suna kewaye reshen. Furen yana fitowa a tattare a ƙarshen reshe, yawanci ruwan hoda, wani fari, wani ja, kowane da kunnuwa biyar, akwai kuma irin da masu lambu suka samar mai ninki-ninki kamar furen wardi. In ya yi 'ya'ya, dogon kwanso ne siriri, idan ya bushe sai ya tsage, iri mai gashi-gashi ya fito iska ta ɗauka. Duk wanda ya san yadda audugar tumfafiya ke tashi a iska zai gane dangantakar, domin dangi ɗaya suke, su da kariya da kwankwani. Wato dai ɗan uwan dafin kibiya ne muka dasa a bakin taga.

Na biyu shi ne mai furen rawaya, Thevetia peruviana, wanda a sababbin littattafai ake rubuta shi Cascabela thevetia. Wannan baƙo ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, an sa masa sunan wani Bafaranshe, André Thevet, wanda ya je Brazil a 1555. Maƙwabtanmu Yarabawa suna kiransa olomiojo. Ganyensa ya fi na farkon siranta, yana sheƙi, kuma ɗaiɗai yake fitowa a jikin reshe. Furen kamar ƙaramar ƙararrawa ko mazurari, rawaya shar, wani lokaci ruwan lemo. Ka karya ganye ko reshe, farin ruwa kamar nono zai tsatso. A ƙasa mai ruwa irin Ibadan kusan duk shekara yana fure yana 'ya'ya. Ɗan nasa kore ne, girman ƙaramin lemon tsami amma mai kusurwa, in ya nuna ya yi baƙi ya faɗo. A ciki akwai ƙwallo mai tauri, a cikin ƙwallon kuma akwai 'yan ƙwayoyi masu kama da gyaɗa ko gujiya. A nan ne babban haɗarin yake, kuma a ganina wannan na biyun ya fi cancantar a sa masa ido a gidan da ke da yara.

Akwai wani furen rawaya mai suna alamanda da ake rikita su. Shi yana yaɗo ne yana hawa katanga, ganyensa ya fi faɗi, furensa ya fi girma. Shi ma danginsu ne, nononsa yana sa ƙaiƙayi da gudawa, saboda haka ko ka rikita su ba ka yi asara ba idan ka hana yaro taɓa duka biyun.

Me ya sa aka cika gari da su? Saboda ba su da wahala. Ba su damu da fari ba, ba su damu da ƙura da hayaƙin mota ba, ka yanki reshe ka soka a ƙasa ya kama, kuma akuya ba ta cinye su. Wannan na ƙarshen shi ne ya sa masu makarantu da ma'aikatu ke son su a matsayin shinge, ba tare da sun tsaya sun tambayi dalilin da ya sa akuyar da ke cin takarda da leda take kauce musu ba. Ba mu kaɗai ba ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka an jera oliyanda a tsakiyar manyan tituna na ɗaruruwan kilomita, birnin Hiroshima na Japan kuma ya ɗauke shi a matsayin furen birni, saboda yana cikin abin da ya fara fure bayan bam ɗin 1945. Kyau dai yana da shi, ba mai musu.

A cikin Sabo kanta gidaje a matse suke, ba kowa ke da filin dasa fure ba. Amma yaranmu ba a Sabo kaɗai suke wuni ba. Suna zuwa makarantun boko da na Islamiyya masu haraba, ana kai su wuraren shaƙatawa ranar Sallah, suna bin iyayensu gidajen da suke aiki a Jericho da Iyaganku da Bodija. Waɗanda Allah Ya buɗa wa kuma suna gina gidaje a wajen Ojoo da Moniya da Akobo, kuma abu na farko bayan fenti shi ne a tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi a ce a ba ni mai kyau wanda ba ya mutuwa. Sau da yawa abin da za a miƙo maka ke nan.

Yanzu ga abin da gubar ke yi. Duk jikin bishiyar yana ɗauke da ita: ganye, fure, ɓawo, saiwa, nono da ƙwaya. A na ruwan hoda babban sinadarin shi ne oliyandirin, a na rawaya kuma tebetin da 'yan uwansa. Aikinsu iri ɗaya ne da na digoxin, maganin zuciyar nan da wasu tsofaffinmu ke sha, wanda shi ma daga wani fure aka samo shi, furen da wani likitan Ingila, William Withering, ya yi rubutu a kan amfaninsa tun 1785. A jikin kowace ƙwayar halitta ta tsokar zuciya akwai wani ɗan famfo da ke fitar da sinadarin sodiyam yana shigo da fotasiyam, kuma da wannan musayar ce zuciya ke samun lantarkin da take bugawa a kan ƙa'ida. Gubar tana toshe famfon. Idan likita ne ya auna ɗan ƙanƙanin digoxin, zuciya mai rauni takan ƙara ƙarfi. Idan ganye ne ko ƙwaya, babu wanda ya auna komai, sai bugun ya rikice: ya yi ƙasa sosai, ko ya riƙa tsallake, ko ya ruɗe gaba ɗaya, fotasiyam kuma ya taru a jini ya ƙara dagula lamarin.

Alamun farko ba a zuciya suke bayyana ba, a ciki ne. Ɗaci da zafi a baki, dalalar miyau, tashin zuciya, amai, murɗawar ciki, wani lokaci gudawa. Daga baya sai jiri, kasala, yawan barci, wani ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya ko dishi-dishi. Abin da nake so ka riƙe, maigida, shi ne tazarar da ke tsakani. Yaro zai iya yin amai ya ɗan warware ya koma wasa, alhali ƙwayar tana cikin hanjinsa tana sakin guba a hankali, matsalar zuciyar ta zo bayan sa'o'i masu yawa, har ma washegari. Saboda haka maganar "ai ya amayar, ya wuce" ba ta da wurin zama a nan.

Kada kuma in tayar muku da hankali fiye da kima. Ganyen yana da ɗaci ƙwarai, yawancin yaran da suka kai shi baki tofarwa suke yi, kuma a ƙasashen da ake ajiye lissafin irin wannan, mutuwar yaro saboda ya ɗan tauna ganyen oliyanda abu ne da ba kasafai ake gani ba. Taɓa furen ko wucewa kusa da shi ba ya kashe kowa, iyaka nonon ya sa wa mai saurin ƙaiƙayi ƙuraje, ko ya shiga ido ya yi zafi. Akwai wani labari da ake yawan maimaitawa na wasu matafiya da suka mutu don sun tsire nama da reshensa. Da masu bincike a Amurka suka gwada, gubar da ta shiga naman ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka ba zan so in ga mai tsire a Sabo ya fere tsinke daga wannan itace ba, ga gora da tsinken da aka saba. Wanda ya fi damuna shi ne asuwaki, domin shi taunawa ake yi a haɗiye ruwan. Mu mutane ne masu karyar reshe a hanya mu sa a baki. A bar wannan ɗabi'a ga itacen da aka sani.

Inda ake samun mummunan sakamako shi ne inda aka ci ƙwayar na rawaya, ko aka dafa ganye aka sha. Likitocin ƙasar Siri Lanka sun fi kowa sanin wannan, domin tun daga 1980 asibitocinsu ke karɓar dubban mutanen da suka haɗiyi ƙwayar, kuma yawancin abin da duniya ta sani game da jinyar daga can ya fito. A wurinmu hanyar da na fi jin tsoro ita ce ta jiƙe-jiƙe. Mace ta ji a bakin wata cewa ganye kaza yana maganin basir ko ciwon suga ko yana wanke mahaifa, an kwatanta mata da "dogon ganye siriri", ta aiki yaro ya tsinko. Mun haɗa namu tsimi da dauri, mun ƙara da agbo na maƙwabta, kuma yawancin masu kawo ganyen ba su ne masana na asali ba. Tafasa ba ta kashe wannan guba, shanya ma ba ta kashe ta. Ga wanda ke shan digoxin ko yake da ciwon ƙoda, ɗan kaɗan ma ya isa ya jefa shi cikin haɗari.

Har a cikin kwalba mai tambari abin yana zuwa. A 2020, lokacin annobar korona, wasu a Amurka sun yi ta tallar oliyandirin a matsayin magani, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ƙi amincewa a sayar da shi. A 2023 hukumar ta yi gargaɗi a kan wata ƙwayar rage ƙiba da ake sayarwa ta intanet da sunan Nuez de la India, bayan an gano cewa abin da ke cikin ledar ƙwayar oliyanda mai rawaya ce. A 2023 ɗin kuma aka buga rahoton wani yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a jihar New Jersey da ya haɗiyi maganin rage ƙiba na mahaifiyarsa mai sunan saiwar tejocote, ya kamu da amai, bugun zuciyarsa ya yi ƙasa. Da aka sayo irin wannan magani guda 10 aka auna, 9 oliyanda ne tsantsa. Yaron ya rayu saboda an kai shi asibiti da wuri. Ke da kike sayen maganin rage tumbi a WhatsApp da Instagram, wanda ba shi da lambar NAFDAC kuma ba a san wanda ya haɗa ba, ki yi tunani a kan wannan. In kin sha wani abu irin haka kika ji amai da jiri da bugun zuciya yana tsallake, ki ɗauki kwalbar ki tafi asibiti da ita.

Sai dabbobi, kuma wannan ya shafi aljihu kai tsaye. Na ce akuya tana kauce wa ɗanyen ganyen, haka ne. Matsalar tana zuwa ne idan an aske shinge aka zubar, ganyen ya yi yaushi ko ya bushe, ɗacin ya ragu, ya cakuɗe da ciyawa. Ana gab da Babbar Sallah za ka ga yara da buhu suna yankan ciyawa a bakin titi da bayan katangun gidaje don ragon da aka sayo a kara. Busasshen ganyen da bai cika tafin hannu ba yana iya kashe rago, saniya ma ba ta tsira ba. Sau da yawa ba a ganin wata doguwar jinya, da safe ne kawai za a tarar da dabba a kwance, a ce maciji ne ko sammu. Ka duba abin da yaranka ke zuba wa ragon, kada kuma ka ɗaure shi a jikin shingen fure don inuwa, domin dabbar da ke ɗaure da yunwa za ta ci abin da ba za ta kalla ba in tana sake. Wadda ake zargin gubar ta kama kuwa, ko an samu an yanka ta kafin ta mutu, a bar naman.

To idan abin ya faru fa? Ki cire abin da ya rage a bakin yaron, ki kurkure masa baki da ruwa, ki wanke hannunsa da sabulu. In nonon ne ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Kada a ɗura masa manja. Na san wannan ita ce al'adar kusan kowane gida a Kudu, mu ma mun ɗauka, amma manja ba ya karya wannan guba, kuma yaron da ke amai yana jin barci zai iya shaƙe man ya tafi huhu, a samu ciwo na biyu a kan na farko. Haka madara, haka ruwan gishiri, haka tura yatsa a maƙogwaro. Gawayin da likitoci ke bayarwa don ya kama guba a hanji na musamman ne, ba gawayin murhu ko na mai tsire ba, kuma ya fi amfani idan an ba da shi da wuri. Wannan ma dalili ne na barin jiƙa wani abu a gida.

Ki karyo reshe mai ganye da fure ko ɗan itacen, ki sa a leda, ko a ɗauki hotonsa a waya. Ki lura da lokacin da abin ya faru. Mutanen Sabo sun yi sa'a, asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa a titin Queen Elizabeth, tafiyar 'yan mintuna a Micra ko Keke daga Mokola, kuma wannan matsala ce ta asibitin da ke da na'urar ECG da ɗakin gwajin jini, ba ta kemis ba. Ki gaya wa likita kai tsaye cewa kina zargin oliyanda, ki nuna masa reshen. Za su duba bugun zuciya da yawan fotasiyam, su ba da ruwa da maganin amai, in bugun ya yi ƙasa akwai allurar atrofin, in ya ƙi akwai na'urar da ke riƙe bugun na ɗan lokaci. Akwai kuma takamaiman makarin digoxin da ke aiki a kan wannan guba, wanda wani gwaji da aka yi a Siri Lanka aka buga a 2000 ya nuna yana daidaita bugun zuciya, sai dai yana da tsada ƙwarai kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Idan suka ce a kwana don a sa ido, ku kwana, ko da yaron yana ta tsalle a kan gado.

Wata magana kuma da ba a son yi. Idan babba ne ko budurwa ko saurayi ya sha da gangan saboda wani ƙunci da ke damunsa, kada kunya ta sa a ɓoye wa likita a ce maleriya ce. A faɗi gaskiya a ceci rai tukuna, bayan nan a zauna da shi cikin lallashi a nema masa taimakon da yake buƙata.

Shin sai an sare duka? Ni dai ra'ayina, gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko ake kiwo a cikinsa, da harabar makarantar rainon yara da firamare da Islamiyya, bai kamata a bar mai furen rawaya ba, domin 'ya'yansa suna zubowa ƙasa daidai inda yara ke wasan 'yar carafke. Malamai da shugabannin makarantu su zagaya harabarsu da wannan kwatance a hannu. Wanda ke shakkar abin da ke gidansa, Ibadan gari ne na masana tsirrai: ga cibiyar binciken gandun daji ta FRIN a Jericho, ga NIHORT a Idi-Ishin, ga lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan. A wurin da manya ne kawai, a iya barin na ruwan hoda a bayan katanga, a riƙa share abin da ya zubo.

Ranar da za a sare, a sa safar hannu da riga mai dogon hannu, a kare ido, kada a ci goro ko a sha sigari ana cikin aikin sai an wanke hannu. A tono har saiwa, in ba haka ba zai sake tohowa da ruwan farko. Kada a ƙona shi a tsakar gida, hayaƙinsa yana da illa musamman ga mai asma, kada kuma a ba mai ƙosai ko mai tuwo a matsayin itacen girki. A ɗaure a buhu a ba masu kwasar shara, ko a binne a rami mai zurfi inda dabba ba za ta tono ba. Gurbinsa kuma a dasa zogale ko lalle, ko furen zoɓo in ana son ja.